Ɗana, Kada Ka Bari a Yi Gwaji da Ƙwaƙwalwarka

Ɗana, a kan ƙwaya zan yi maka magana, kuma na san kunnenka ya ji ta har ya gaji. Liman ya faɗa a huɗuba, an faɗa a rediyo, mahaifiyarka ta faɗa har da hawaye. Yau ba "bari" kawai zan ce maka ba. So nake in buɗe maka abin da ƙwayar take yi a cikin kanka, don kai ba yaro ba ne. Wanda ya iya kwance injin babur ya mayar da shi, wanda yake duban ganyen masara ya gane tana son taki, ba zai kasa gane yadda ƙwaƙwalwarsa take aiki ba idan aka zaunar da shi aka yi masa bayani.

Na kuma san halin da kake ciki. Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a waɗannan shekaru ya ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sa'anninka ne ko ƙannenka. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka katse layukan waya, cinikin dabbobi ya tsaya a kasuwanni. Gonakin nesa da kakanninka suka noma, da yawa sun gagara zuwa. Saurayi ya wayi gari da rana yana ƙodago ko acaba, da dare yana gadin unguwa, barci rabi da rabi, zuciya kullum a ɗar-ɗar. A irin wannan hali mai ƙwaya yake cin kasuwarsa.

Ka san yadda abin yake farawa. Da asuba a wajen mai shayi, lokacin noman firi, 'yan ƙodago sun jeru a benci, fartanya a jingine. Wani ya zaro kati daga aljihu, ya ɓallo ƙwaya biyu, ya jefa ɗaya a kofinsa, ya miƙa wa na kusa da shi ɗaya. "Karɓi wannan ka ga aiki. Ba ta bugarwa ba ce, ta ƙarfi ce." Ta ranar farko kyauta ce. Yaron ya shiga gona, bai ji rana ba, bai ji yunwa ba, ya bar sa'anninsa a baya da kunya goma. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba ta aiki ba. Tana yi. Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne, daga ina wannan ƙarfin ya fito?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda jijiyoyi suke aika wa junansu saƙo da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya fito da muhimmancinsa a ƙarshen shekarun 1950. Ya ba zomaye maganin da ya ƙarar musu da shi, suka kwanta ba motsi. Da ya ba su abin da jiki yake juyawa ya zama dofamin, sai suka miƙe. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Dofamin yana riƙe da motsin jiki, kuma yana riƙe da himma. Shi ne yake sa ka ji ƙanshin tuwo ka matso, ka hango amfanin kaka ka jure wa ranar damina, ka ji muryar wadda kake so zuciyarka ta motsa. Allah Ya tsara shi da awo: kaɗan ya fito, ya isar da saƙo, a kwashe shi a mayar ma'ajiya.

Ɗauki kanka a matsayin rumbu. Maigida mai hankali damin da za a ci kawai yake fitarwa, ya rufe. Ƙwaya ba ta zuwa da ko zangarniya guda daga waje, gindin rumbun take fasawa. Hodar iblis da danginta suna toshe hanyar da ake mayar da dofamin ma'ajiya, sai ya taru ya yi yawa. Amfetamin da metamfetamin, wadda samari suke kira "ais", sun fi haka ɓarna, don tilasta wa jijiya suke yi ta amayar da abin da ta tanada. Yau tsakar gida ta cika da hatsi, kowa ya ci ya ƙoshi, har kaji da tumaki. Amma hatsinka ne, na watanni masu zuwa, har da irin shuka. Ƙarfin da yaron nan ya ji a gona nasa ne, na gobe da jibi aka jawo masa. Gajiyar kuma ba ta tafi ko'ina ba, an dai rufe masa ido ne kada ya gan ta.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido. Da ta ga saƙon ya yi mata yawa, sai ta rage kafofin da suke karɓarsa. Daga nan ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu, a haɗa da wata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne daɗin duniya na halal yana mutuwa a hankali. Abinci ba ɗanɗano, hira da abokai ba armashi, ɗansa ya rugo ya rungume shi bai ji komai ba. Daɗin ƙwayar ma raguwa yake yi, amma ƙishirwarta ƙaruwa take yi. Tun a 1954 wasu masana biyu a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, James Olds da Peter Milner, suka saka wa ɓeraye siririyar waya a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi, suka ba su maɓallin da za su danna. Ɓerayen suka yi ta dannawa ba ji ba gani, kuma a gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga waɗanda suka bar abinci suna dannawa har suka galabaita. A 2001 likita Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan metamfetamin, suka ga kayan aikin dofamin sun ragu a fili, tare da nauyin jiki da mantuwa. Don haka idan ka ga ɗan ƙwaya ya sayar da wayarsa, ya sayar da takin da aka ba shi ya kai gona, kada ka ɗauka daɗi yake ji. Ya daɗe da daina jin daɗi. Yana sha ne don ya iya tashi tsaye.

An gwada wannan hanya kafin a haife ka, kuma waɗanda suka gwada sun fi mu kuɗi da likitoci. A 1938 wani kamfani a Jamus ya fara sayar da metamfetamin da sunan Pervitin. A 'yan watanni cikin 1940 an kai wa sojojin Hitila ƙwaya miliyan 35 don su yi tafiya dare da rana ba barci. Sun yi tafiyar, amma sai aka fara ganin masu zubewa, masu ciwon zuciya, masu ganin abin da babu. Shekara ɗaya bayan haka hukumar ƙasar da kanta ta saka ƙwayar cikin jerin magunguna masu tsananin doka. Japan ma ta ba sojoji da ma'aikatanta, bayan yaƙi ragowar ta malala cikin gari, har sai da aka kafa doka a 1951, kuma a 1954 kaɗai an kama mutum sama da 50,000. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, waɗancan aƙalla an san sunansu, an san abin da yake cikinsu. Abin da ya sa na zaunar da kai yau ya fi su haɗari. Akwai wasu sababbin sinadarai da ake sayarwa da sunan "na bincike". Dabarar masu yin su ita ce su ɗauki ƙwayar da doka ta hana, su ɗan taɓa ginin sinadarinta, sai ta zama sabon abu wanda sunansa ba ya cikin littafin doka. Su zuba a leda, su rubuta cewa ba na cin ɗan Adam ba ne, takin fure ne ko gishirin wanka ne, alhali mai sayarwa da mai saye duk sun san inda za a zuba shi. Da aka hana ɗaya daga cikinsu, mefedron, a Ingila a 2010, wasu suka maye gurbinsa. Akwai MDPV, wanda ya fi hodar iblis ƙarfin toshe hanyar dofamin nesa ba kusa ba. Akwai kuma alpha-PVP, wanda a wata gunduma guda ta jihar Fulorida a Amurka aka danganta shi da mutuwar mutum sama da 60 tsakanin 2014 da 2015, mutane suna tuɓe tufafi a titi saboda zafin jiki, suna gudu wai ana bin su. Ƙasar Sin ta hana sinadarai 116 a lokaci guda a 2015. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙirga irin waɗannan sababbin sinadarai sama da 1,000, kuma ana ta ƙirƙiro wasu.

Maganin asibiti kafin ya iso hannunka yana shan gwaji na shekaru, a san awonsa, a san illarsa, a san wanda bai kamata ya sha ba. Waɗannan ba wanda ya gwada su. Binciken da ake faɗa a jikin ledar, a kanka ake yin sa, kuma ba mai rubuta sakamako, ba mai biyan diyya.

Bari in ba ka labari guda wanda likitocin ƙwaƙwalwa ba sa mantawa da shi. A 1982, a arewacin jihar Kalifoniya, aka fara kawo wasu matasa asibiti a sandare. Idonsu biyu, suna ji, suna gane mutane, amma ba sa iya ɗaga hannu, ba sa iya magana. Likita William Langston ya duba ya ga alamun cutar Fakinsan, cutar karkarwa da sandarewa da aka saba gani ga tsofaffi, ita ce ta kama Muhammad Ali ɗan dambe. Amma waɗannan matasa ne, kuma cikin 'yan kwanaki abin ya same su. Da aka bi diddigi sai aka gano wani mai haɗa ƙwaya a ɓoye ne ya so ya kwaikwayi wani maganin kashe ciwo mai bugarwa, haɗin ya kuskure, ya fito da guba mai suna MPTP. Gubar ta tafi kai tsaye ta kashe jijiyoyin da suke yin dofamin, kuma jijiyar da ta mutu a wurin nan ba ta dawowa. Mai haɗin bai yi niyyar nakasa kowa ba, kuɗi yake nema, ya yi gaggawa. Waɗanda suka saya kuwa sun ga gari ne irin wanda suka saba gani.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwan Ƙanƙara. A 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Legas. A 2016 ta kama wani katafare a Asaba, da 'yan ƙasar Meksiko huɗu a ciki. A 2021 aka kama ƙwayar Captagon sama da 450,000 a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ƙwayar da ta yi suna a yaƙin Siriya, wadda yau sunan kawai ya rage, abin da yake ciki haɗe-haɗe ne na amfetamin da duk abin da mai bugawa ya samu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da wata ƙwaya a cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga nan Arewa maso Yamma, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. 'Yata, da ke ma nake.

Ka kuma lura da yadda kasuwar take sauya riga a gabanmu. Aka hana kodin na ruwa a watan Mayun 2018. Tiramol da doka ta yarda da shi miligiram 50 ne da 100, bisa takardar likita, amma wanda yake yawo a tasha 200 ne da 225. Da aka matsa wa tiramol, sai ga wasu katuna masu kama da shi, irin su Tafrodol, waɗanda haɗi ne na wani maganin ciwo mai ƙarfi da maganin sassauta tsoka, haɗin da sai a 2025 Indiya ta hana yin sa bayan an tona asirin masu turo shi Afirka ta Yamma. A Saliyo, wani haɗi mai suna "kush" ya cinye matasa har shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a 2024, kuma da aka kai shi ɗakin gwaji sai aka tarar da sababbin sinadaran da masu shansa ba su taɓa jin sunansu ba. Tiramol ba dangin amfetamin ba ne, amma shi ma ta hanyarsa yana taɓa dofamin, kuma idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko mutum yana kan babur. Exol da yara suke haɗiya kuwa maganin masu cutar Fakinsan ne, ga mai lafiya ruɗewa yake kawowa da gane-gane. Katin da ka saya a hannun mai tire ranar kasuwa, ko a bayan tasha, ba ka san wanda ya buga shi ba. Kalarsa ta jiya ce, abin da yake ciki yana iya zama na yau.

Akwai wata illa da ta shafe mu fiye da mutanen wasu wurare, ita ce ta fi hana ni barci. Dofamin idan ya yi yawa, ga rashin barci na kwana biyu ko uku, yana haifar da zargi. Mutum ya ji motsin ganye ya rantse mutane ne. Ya ga maƙwabci yana waya ya ce rahoto yake kaiwa daji. Ya ji ana kiran sunansa alhali ba kowa. Likitoci sun san wannan taɓin hankali, sun rubuta shi tun shekarun 1950. Yanzu ka ɗora wa irin wannan mutum bindigar toka ko adda, ka tsayar da shi bakin gari da tsakar dare. Yana ganin gari yake karewa, amma wanda zai fara cutarwa shi ne manomin da ya makara a gona, ko Bafulatanin da ya shigo sayen magani, ko ɗan'uwansa da ya fito kewayawa. Jini guda da aka zubar bisa kuskure a ƙasarmu, kai ka san gidaje nawa yake jawo wa ramuwa. Mai gadi ido yake buƙata da natsuwa. Gara ku raba dare kashi-kashi kowa ya runtsa, da a ce mutum ɗaya ya haɗiyi ƙwaya ya kwana tsaye.

Ka kuma tuna cewa ba ka taɓa jin an buga ƙwaya a cikin daji ba. Daga gari ake kai ta, kuma sau da yawa jami'an tsaro suna kama masu kai wa 'yan bindiga ita tare da mai da burodi. Dilan da yake ba ka, kasuwa ɗaya suke ci da mai kai wa waɗanda suka hana mahaifinka zuwa gonarsa. Kuɗin ƙodagonka yana ƙarfafa wannan hanya. Malamai sun karantar da mu cewa hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Duba da kyau, wanda ya saki hankalinsa, sauran huɗun ba sa daɗewa a hannunsa.

Idan kuwa ka riga ka shiga, ɗana, ban zo in tsine maka ba, kuma ban yarda da masu cewa ka lalace ke nan ba. Su Volkow ɗin nan sun sake ɗaukar hoton wasu daga cikin mutanen bayan sun shekara ko fiye ba su sha ba, suka ga ƙwaƙwalwar ta farfaɗo sosai. Amma ka san gaskiyar abin da yake gabanka. Makonnin farko za ka ji duniya ta yi maka baƙi, ga barci mai nauyi ko rashinsa, ga yunwa, ga fushi ba dalili, wani har ya ji ya gaji da rayuwa. Ba haka za ka dawwama ba, ƙwaƙwalwa ce take gyara awonta, kuma a lokacin nan ne ba a son ka zauna kai kaɗai. Idan tiramol ne ko diyazefam ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya da kanka, yana iya kawo jijjiga, likita ne zai rage maka a hankali. Fara da babban asibitin da ya fi kusa da kai, Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano. Zuwa wurin nan ba hauka ba ne, jinya ce. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, in da ragowar katin ka tafi da shi. Kuma ka sauya benci. Ba za ka bar ƙwaya kana zama inda ake ɓallo ta ba.

In abokinka ya faɗi yana jijjiga, kada a danna masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa. In jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti da shi. Tsoron kada asiri ya tonu ya kashe yara da yawa a cikin ɗaki.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, mari da bulala ba sa gyara jijiya. Mun ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari a Rigasa da Daura a 2019, ɗaruruwan mutane da tabo a ƙafa da baya. A yi addu'a, a kai asibiti, a ba yaro abin yi, a riƙa cin abinci tare da shi. Masu ɗaukar 'yan ƙodago, ku ji tsoron Allah, kada ku fifita wanda ya yi caji a kan wanda yake aiki da ƙarfin da Allah Ya ba shi, don da haka kuke koya wa sauran.

Ɗana, gobe da asuba wani zai miƙo maka. Ba sai ka yi masa wa'azi ba, ba sai kun yi faɗa ba. Ka ce masa ka gode, ba ka sha, ka shanye shayinka ka ɗauki fartanyarka. In rana ta yi ka gaji, ka nemi inuwa ka huta, gajiya ba abin kunya ba ce. In kuma ka riga ka fara, kada ka bari wannan makon ya wuce ba ka faɗa wa mutum guda da ka yarda da shi ba, mahaifinka ko kawunka ko malaminka, ku tafi asibiti tare. Allah Ya tsare mana hankalinka, Ya yi maka albarka.